Ƙarfen da Kolo ya cire

A Magariya in ka ce Kolo mai kat-kat, ba wanda zai tambaye ka wane Kolo. Garajinsa yana bayan tasha, fili ne kawai ƙarƙashin dogon yaro guda uku, ƙasar wurin ta yi baƙi da tsohon mai. Mutanen gari suna sonsa, ni ma na so shi shekaru masu yawa. Ina rubuta labarin rayuwarsa ne domin shi ne mutumin da ya cire wani ƙarfe daga ƙarƙashin motata bai gaya mini ba, 'yata kuma ta mutu a hanya motar tana kafe cikin yashi. Ban kai shi wurin jandarma ba, ban nemi diyya ba. Abu ɗaya na nema tun daga ranar: ya faɗa da bakinsa cewa shi ya cire.

Zan fara da alherinsa, kuma zan faɗe shi duka, don kada a ce fushi ya rufe mini ido.

An haife shi a wani ƙauye gabas da Dungas. Mahaifinsa Babarbare ne mai gyaran amalanke, a wurinsa ya fara sanin ƙarfe. Da ya tasa sai ya tafi Damagaram, ya shiga cikin masu motocin da ke ratsa sahara, ya yi shekaru yana bin su arewa. Can ya bar yatsu biyu na hannun hagu a cikin fankar wani inji, can kuma ya koyi motar da muke kira kat-kat, wadda ƙafafunta huɗu duka suke ja in an so. Da ya gaji da yawo ya dawo Magariya, ya auri Falmata, ya kafa garaji da akwatin sifana ɗaya da jak na aro.

Aikinsa ba gyara ba ne kawai. Za a kawo masa tsohuwar mota da wani ofis ya yar, ya sāke ta ta zama ta hanyoyinmu. Yana ƙara mata ganyen resor, ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, don ta ɗauki buhunan wake ba ta durƙusa ba. Yana ɗaga ta daga ƙasa, ya sa mata taya masu faɗi, ya jawo bututun shan iska ya kai shi saman rufi don kada ta sha ƙura ko ruwan kwari. Yana ƙera tanki na biyu da hannunsa. Yakan tafi Kano ya yi yini yana tonon tulin tsofaffin ƙarafa har ya samo abin da yake so. In mota ta kafe a daji aka kira shi, zai hau babur ya je, ya sassauta iskar taya, ya tona, ya shimfiɗa kaba, ya fitar da ita, sau da yawa ruwa kawai yake sha ya komo. Akwai matan da suka haihu a asibiti maimakon bisa amalanke saboda motocin da suka fito daga hannunsa. Wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye shi ba.

Amma yana da wata ɗabi'a, wadda ba shi kaɗai ba ne, kusan duk makanikan garin nan haka suke. Suna ce mata aro. In motoci biyu iri ɗaya suna garaji, ɗaya mai ita yana gaggawa, ɗaya mai ita ba ya nan, sai a kwance abu daga ta biyun a ɗaura wa ta farkon, da niyyar a mayar in an samo wani. Ba a tambayar mai ita. Ba a ɗaukar abin sata, taimako ake ɗaukarsa, kuma wanda ya ƙi yi ana ce masa mai baƙin ciki.

Wata rana ina zaune bisa bencinsa na ga yana kwance wani abu daga motar wani ma'aikacin gandun daji.

Na ce, "Kolo, na wane ne wannan?"

Ya ce, "Na wanda ya fi gaggawa."

"Mai ita ya sani?"

"Mushe, mai ita yana Yamai yana cin shinkafa. Mota tana tsaye, ba ta jin zafi. Kafin ya dawo na maida mata kayanta har da turare."

Direbobin da ke wurin suka yi dariya. Na ce masa tawa dai kada ya taɓa ta, ko noti ɗaya.

Ya dafa ƙirji da hannun nan mai yatsu uku. "Taka ai amarya ce, Mushe. Wa zai taɓa amaryar malamin lissafi? A yi mini zero?"

Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malami da Faransanci, domin na koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko, har na yi ritaya, kuma biyu daga cikin 'ya'yansa sun zauna a ajina. Motar da muke magana a kanta tsohuwar kat-kat ce da na saya bayan ritaya, shi ya zaɓa mini ita, shi ya tashe ta.

Dalilin sayenta 'yata ce. Ita ce ta fari, sunanta ba ya fita daga bakina, amma zan rubuta shi sau ɗaya a nan: Zahara'u. Ta bi sawuna ta zama malama, aka tura ta wata lakwal ta ƙauye a yankin Yekuwa, inda mijinta Yakuba yake shugabantar makarantar. Hanyar ƙauyen yashi ce daga inda aka bar kwalta, kuma akwai wani kwari mai goriba a tsakiya wanda ƙaramar mota ba ta ratsa shi.

Shekarar da ta samu ciki, uwarta Sa'ida ta so ta dawo gida da wuri kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Yarinyar ta ce sai ɗalibanta sun gama jarrabawa, da saura lokaci. Na yarda, amma na kai motar garaji kafin ruwa ya sauka, na gaya wa Kolo dalili filla-filla. Na ce masa ga yarinya da tsohon ciki a bayan kwari, ina son motar nan ta kasance a shirye kowane lokaci aka kira ni.

Ya ce, "Jikanmu ne zai hau ta, ai dole."

Ranar da na je ɗauka na same ta an wanke ta. Na tambaye shi ko komai ya yi.

Ya buga mata tafi a ƙofa. "Tafi da ita har Bilma, tsakiyar sahara."

A ƙarƙashin kowace kat-kat akwai sandar ƙarfe mai tsawon hannu da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun gaba. Makanikai suna ce mata kardan. In an cire ta, motar tana tashi, tana tafiya, tana yin komai kamar da, domin a cikin gari ƙafafun baya kaɗai ke aiki. Ba ƙara, ba alama. Sai ranar da ka shiga yashi ka ja ƙaramin giya za ka san ba ta nan.

Daga baya na haɗa abin da ya faru. Motata tana garaji sai kardan ɗin motar Alhaji Mahamadu, wani babban mai sayen wake, ya karye ana gobe kasuwar Mallawa. Motarsa irin tawa ce. Kolo ya kwance nawa ya ɗaura masa, kan cewa bayan kasuwa za a mayar. Bayan kasuwa motar Alhaji ta wuce Najeriya da kaya, ta daɗe can. Ni kuma na zo na ɗauki tawa, Kolo ya dube ni ya ce in tafi da ita har Bilma. A lissafinsa ni tsoho ne mai zuwa masallaci da kasuwa bisa kwalta, kafin in buƙaci ƙarfen ya dawo.

Yakuba ya kira ni da safe. Ya ce jini ya ɓalle mata, lokacin haihuwa kuma bai yi ba. Muka tashi ni da Sa'ida. An yi ruwa a daren, yashi ya daskare, motar kuma ba nauyi, saboda haka muka ratsa kwarin da gudu ban taɓa ƙaramin giya ba. Muka same ta a kwance, tana magana, har ta ce wa uwarta ta ɗauko mata takardun yara da ba ta gama gyarawa ba. Uwar ta ce ta rufe mata baki. Muka shimfiɗa ta a baya, Sa'ida da wata ungozoma suka riƙe ta, Yakuba ya zauna gaba.

Kafin mu komo kwarin rana ta take, saman yashin ya bushe ya saki. Na tsaya a bakinsa kamar yadda Kolo ya koya mini, na sauka na murɗa makullan ƙafafun gaba, na hau na ja ƙaramin giya. Muka shiga. A tsakiya motar ta fara tona da baya. Na ce Yakuba ya sauka ya duba.

Ya ce, "Baba, na gaba ba sa juyawa."

Na ce ya sāke dubawa. Ya sāke, ya ce ko motsi ba sa yi.

Na kashe inji na kwanta cikin yashi na leƙa. Wurin kardan ɗin fili ne. Ramukan noti huɗu a gaba, huɗu a baya, tas da su, an ma share maiƙon wurin. Ba karyewa ya yi ya faɗi ba. Hannu ne ya kwance shi a natse. Yakuba ya kwanta kusa da ni, shi ma ya gani.

Muka tona da hannu. Muka yanko kaba muka cusa. Muka rage iskar taya. Duk abin da Kolo ya taɓa nuna mini na yi, motar ta ƙara nutsewa har cikinta ya zauna bisa yashi. Na kira lambarsa, wurin ba layi. Wasu manoma da ke shuka a gefen kwarin suka zo suka tura tare da mu, ɗaya daga cikinsu ya ruga ya ɗauro shanu ya kawo amalanke. Muka maida yarinyar kai. Sa'ida ta cire mayafinta ta yi mata inuwa, ni ina tafiya a gefe ina riƙe da ƙafarta, ina jin tana yin sanyi. Ana hangen kwalta ta cika.

Na tambayi likita daga baya. Bai ce da ta rayu ba, mutum ne mai kiyaye harshe. Ya ce da ta iso da sauran jini a jikinta, da akwai abin da za a yi. Ni ma iyakar abin da nake faɗa ke nan.

Kolo ya zo gaisuwa tare da jama'a. Ya durƙusa gabana, idonsa ja, ya ce, "Mushe, kwana ne ya ƙare. Allah ya ba da haƙuri." Na ce amin. Na jira sauran maganar, ba ta zo ba.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya fi ƙona mini rai. Muna cikin zaman makoki ya je kwarin da kansa ya jawo motar, ba wanda ya aike shi. Ranar da aka tashi daga zaman na fito na same ta a ƙofar gidana, a wanke. Na kwanta na leƙa. Kardan yana nan, an ɗaure shi tsaf, sabon maiƙo yana ƙyalli a kan notin.

Wataƙila shi a ransa gyara ya yi. Amma daga ranar magana ta juya a gari. Masu zuwa suna leƙa ƙarƙashin motar su ce ai ga ƙarfen nan. Aka fara cewa ruɗewa ce ta kama Mushe, tsufa ga tashin hankali, bai iya sa giyar ba. Wata mata ta gaya wa Sa'ida a gidan suna cewa da an bar direba na gaske ya tuƙa da ba haka ba. Yakuba ya rantse ya ga ramukan da idonsa, aka ce suruki ne, me zai ce. Kolo yana jin duk wannan a garajinsa, inda direbobi ke zama su yi ta maimaita shi, bai taɓa buɗe baki ya ce ba haka ba ne.

Na daina zuwa garajin. In mun haɗu a masallaci ina amsa sallamarsa, ba na ƙarawa. Da abin ya yi tsawo sai dattawa suka zo mini, limamin unguwa da Alhaji Mahamadu da kansa, wanda ƙarfena ya kai wakensa kasuwa.

Liman ya ce, "Mushe, kai mai ilimi ne. Ko ƙafa goma motar nan take ja, in lokaci ya yi ba mai ƙara mata numfashi ɗaya."

Na ce, "Na yarda, Malam. Ban zo gardama da Ubangiji ba. Amma ba mala'ika ne ya kwance notin ba."

Alhaji ya gyara zama. "To yanzu me kake so a yi? In wani abu ne a faɗa, mu ba za mu gaza ba."

"Ba na son komai naka, Alhaji. Ya ce shi ya cire, shi ke nan."

"Ai wannan tozarci ne. Mutum da iyalinsa, da sana'arsa. In ya faɗi haka wa zai sāke ba shi mota?"

Na ce ni ma ina da iyali, ɗaya tana cikin ƙasa. Suka tashi suna cewa Allah ya sanyaya.

Damina biyu suka wuce a haka. Kolo ya rame, wannan kowa ya gani. Ya daina barkwanci da direbobi, Falmata ta gaya wa maƙwabta ba ya cin abinci sosai. An kawo mini wannan labari sau da yawa, kamar ramarsa wani abu ce da aka biya ni. Ban ji tausayinsa ba. Mutumin da ya iya kwance noti takwas cikin natsuwa ya iya faɗin kalma uku.

Sai aka ji Alhaji Mahamadu ya biya masa kujerar Makka. A garin nan mai tafiya aikin hajji yana bin gidaje kafin ya tashi, yana neman gafarar duk wanda suka taɓa hulɗa, kuma ba a hana shi. Kalmomin ma a shirye suke, kowa ya san su, kowa ya san amsarsu. Na san zai zo, domin in ya tsallake gidana gari duka zai lura.

Ya zo bayan la'asar, da direbobi biyu cikin masu zama a garajinsa. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure. Sa'ida tana bayan ƙofar cikin gida, ina jin motsinta. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai.

"Mushe, zan tafi ɗakin Allah. Mun zauna tare shekara da shekaru. Abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mini."

Na ce, "Wanda ba ka sani ba na yafe tun yanzu. Wanda ka sani, faɗe shi."

Ɗaya direban ya ce, "Haba Mushe, ai ba a yin haka. Alhaji ne fa."

Na ce, "Bai tafi ba tukuna."

Kolo ya daɗe yana murza gefen tabarma. Ya ce, "An samu kuskure a garaji lokacin nan."

"Wa ya yi kuskuren?"

"Ka san aiki da yawa, hannu da yawa."

Na ce, "Kolo, hannu nawa ne a garin nan ke share maiƙo bayan ya kwance noti? Ni na zauna bencinka shekaru. Kada ka ɗora wa yaranka."

Direba na biyu ya miƙe ya ce su tafi, an yi abin da addini ya ce, wanda ya ƙi yafewa shi da Allah. Kolo bai tashi ba. Ya ɗora hannun nan mai yatsu uku bisa gwiwarsa yana kallonsa.

Ya ce, "Ni na cire." Muryarsa ba ta fita sosai ba, sai ya sāke. "Ni na cire kardan ɗin, na sa wa Alhaji. Ranar da ka zo ɗauka ina sane ba ya ciki. Na so in gaya maka, na ga za ka yi faɗa gaban mutane, na ce bari ya dawo in kira ka in ce zan duba birki. Da na jawo ta daga kwari ni na mayar, da dare, don kada a gani. Da ake cewa kai ne ba ka iya ba, ina ji. Ka iya. Ko ni ne a kan motar nan ba za ta fita ba."

 Direban da ya miƙe ya koma ya zauna.

Na yi zaton in na ji kalmomin nan wani abu zai sauka daga ƙirjina. Bai sauka ba. Abin da na ji shi ne cewa don gudun faɗan minti kaɗan gaban direbobi ya bar ni na tafi. Amma na riga na faɗa gaban liman cewa wannan kaɗai nake nema, kuma ba na canja magana.

Na ce, "Nawa na yafe. Ku biyu kun ji abin da ya ce, ku kai shi inda kuka kai zancen farko."

Kolo ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Madam, ke fa?"

 Daga bayan ƙofa Sa'ida ta ce, "Ka je ka dawo lafiya, Kolo." Ba ta ƙara ba, shi ma bai sāke tambaya ba.

Ya je ya dawo, yanzu Alhaji Kolo ake ce masa. Maganar ta zaga gari, ba wanda ya janye motarsa daga garajin, ba wanda kuma ya zo ya ce wa Sa'ida ya yi kuskure da ya zarge ni. Aro bai daina ba, ya ce in ya daina rabin motocin Dungas za su tsaya. Abin da ya canja ɗaya ne. In ya cire abu daga mota, yana ɗaura jan tsumma a sitiyarinta, ba ya kwancewa sai ya mayar. Sauran makanikai sun fara kwaikwayonsa, har ana yaba masa hikima.

Na wuce ta bayan tasha kwanan baya na hangi tsumman a wata mota ƙarƙashin dogon yaro. Yankin tsohon zane ne, bai kai tafin hannu biyu ba. Irinsa tuli ne a garajin, da shi suke goge hannu. Ranar da na je ɗaukar motata ma akwai shi, a rataye a kafaɗarsa.